Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Shirya Motar Katkat Kafin A Shiga Hamada

Duk ɗan kasuwar da ke hada-hada tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Matamaye da Kwangwalam, ya san cewa ciniki ba ya ƙarewa a inda kwalta ta ƙare. Atamfa da takalma da kayan roba da goro da ake lodi a Kano da Katsina, da hatsin da ake tarawa a kasuwannin Damagaram, da yawansu arewa suke nufa, su bi ta Agadas har Dirku da Bilma da sansanonin masu haƙar zinariya. Daga can kuma a juyo da dabino da gishiri da taliya da madarar gari da barguna. A da raƙumi ne ke wannan aiki, sai manyan motoci suka karɓa, yanzu kuwa wani babban kaso nasa ya koma kan motar nan mai jan ƙafa huɗu, wadda a nan muke kira katkat, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce jif.

To amma sayen katkat daban, shirya ta domin hamada daban. A kan haka ne muka ga ya dace mu jawo hankalin masu karatu, musamman alhazan da ke zuba jarinsu a kan mota su miƙa wa direba makulli, a kan abubuwan da ake ƙara wa irin wannan mota, da waɗanda ƙara su asarar kuɗi ce kawai, da kuma yadda ake kwana a daji lafiya. Batun ya shafi rai, domin kuwa ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutane 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Haka zalika a 2017 mutane 44 sun rasu a tsakanin Agadas da Dirku, su ma lalacewar mota ce sanadi.

Yadda katkat ta zama raƙumin zamani

Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara ƙera motar da ta zama Land Cruiser a 1951, ya raɗa mata wannan suna a 1954, sannan ya fito da Hilux a 1968. Samfurin Land Cruiser da ya fi karɓuwa a hamada shi ne jerin 70, wanda aka fara a 1984 kuma har yau ana ƙera shi ba tare da an sauya siffarsa sosai ba. Duniya ta ga abin da waɗannan motoci ke iya yi a 1987, lokacin da sojojin Cadi a kan akori-kura ƙirar Toyota suka fatattaki tankokin yaƙin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka riƙa kiran rikicin da suna Yaƙin Toyota. Sirrin shi ne rashin nauyi da sauri a kan rairayi, kuma wannan darasi ne da za mu sake komawa kansa nan gaba.

A Agadas kuwa, tseren motoci na Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsa garin, kuma tare da kamfanonin yawon buɗe ido irin wanda marigayi Mano Dayak ya kafa, ya samar da zuriyar direbobi da makanikai da suka san katkat ciki da waje. Tawayen 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka karya yawon buɗe ido, tseren kuma aka soke shi a 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya a 2020. Direbobin ba su ajiye makulli ba. Gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 ya buɗe musu sabuwar kasuwa, ga kuma jigilar matafiya zuwa Libiya, wadda dokar 2015 ta hana, aka kama motoci da dama, kafin a soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Ilimin da muke kawowa a nan galibinsa abin da wannan sana'a ta tabbatar ne tsawon shekaru.

A fara da zaɓen motar

Babu gyaran da zai mai da ruɓaɓɓiyar mota ta hamada. Mai sayen ƴar Kwatano ko ta Dubai ko ta Libiya ya fara da shiga ƙarƙashinta da tocila. Abin dubawa shi ne shasi, wato ƙashin bayan motar, musamman wajen da sifirin ke riƙe da kuma bayan kan direba inda akori ke farawa. In an ga tsatsa mai cin ƙarfe, ko waldar da aka shafe da sabon fenti, a haƙura da ita komai arahar ta, domin araha ba ta ado.

Sai batun inji. Injin gazuwal da ake kira 1HZ, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda ya fito a 1990, shi ne makanikan Agadas da Damagaram suka fi sabawa da shi. Ba shi da gudu, amma ba kwamfuta ke sarrafa famfon mansa ba, yana haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, kuma ana iya gyara shi a gindin bishiya. Abin kiyayewa gare shi shi ne bel ɗin da ke daidaita tafiyar inji, wanda ake sauyawa tsakanin kilomita 100,000 zuwa 150,000 gwargwadon shekarar motar. In ba a san ranar da aka sauya shi ba, a sa sabo, don in ya tsinke a hanya ya kan tafi da kan inji. Sababbin injinan gazuwal, kamar mai silinda takwas da ya fito a 2007, sun fi ƙarfi da tsimin mai, sai dai ɗan ruwa ko ƙura a cikin mai na iya kashe allurorinsu, kuma kuɗin allura ɗaya ya isa cinye ribar tafiya. Injinan fetur, irin na lita 4.0 a Land Cruiser da na lita 2.7 a Hilux, sun fi zafin nama a kan rairayi, amma suna shan mai, kuma ɗaukar fetur da yawa a zafin rana yana da haɗarin gobara.

Taya ce kan gaba

In kuɗin da ke hannu ba su isa komai ba, a fara zuba su a kan taya. A nemi mai kauri ta ɗaukar kaya, wadda aka rubuta 10 ko 12 PR a jikinta, kuma a duba shekarunta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai lashe ba, robarta ta bushe, kuma zafin hamada ne zai tona mata asiri. Taya mai manyan haƙora da aka yi domin taɓo ba ta dace da rairayi ba, saboda tona take yi ta binne motar. A riƙe sifiya biyu, da tif biyu ko uku in gwangwanin mai tif ne, da kayan faci. Mai gwangwani irin na tsaga, wato mai zobe, ya kula wajen ba shi iska, ya juyar da zoben ƙasa ya kuma kauce, domin in ya fice yana kisa.

Babbar dabarar tuƙin rairayi ba ta buƙatar ko dala, ita ce rage iska. In an rage, tafin tayar ya kan ƙara tsawo a ƙasa, nauyin motar ya bazu, sai ta riƙa yawo a saman rairayi. Motar da ke tafiya da kilo 3 ko fiye a kwalta, ana saukar da ita zuwa wajen kilo ɗaya da rabi a rairayi mai laushi, in ta kafe ma har kilo ɗaya. Ga masu amfani da gejin masu facin Najeriya, kilo ɗaya ya yi daidai da kusan 14 da rabi. Sharaɗin shi ne a rage gudu, a daina karya kwana da ƙarfi, kuma da an hau ƙasa mai duwatsu a mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe ko dutse ya yanke gefenta. Shi ya sa geji mai gaskiya da injin ba da iska mai aiki da batir suka zama dole, tare da famfon ƙafa na ko-ta-kwana.

Sifirin da lissafin kaya

Abin da makanikan Kano ke kira sifirin, na Maraɗi su ce lam, shi ne wajen da aka fi taɓawa. Akori-kura ta Land Cruiser da Hilux an ƙera su ne su ɗauki wajen tan ɗaya, haɗe da mutanen da ke ciki. Bari mu yi lissafi tare da mai karatu. Direba da yaron mota da mai kaya, a ce kilo 210. Ruwansu na kwana biyar, lita goma-goma a rana, kilo 150. Tano ɗaya na gazuwal mai lita 200, tare da nauyin tanon, wajen kilo 190. Sifiya ta biyu 40, kayan gyara da jak da faranti 80, abinci da shimfiɗa 50. Jimla kilo 720 ke nan, saura 280 kacal na hajar da za a sayar. Wannan lissafi shi ke sa alhazai su ce a ƙara ganyen sifirin biyu ko uku a baya, a yi lodin tan biyu.

Ƙarin ganye ɗaya ko biyu yana da amfani, yana hana motar zama a kan gindinta. Amma a sani cewa sifirin kaɗai aka ƙarfafa. Aksul da boris da birki da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su, kuma dukan da sifirin mai tauri ya ƙi shanyewa su zai tafi wa. Daga nan ake samun tsagewar shasi da karyewar aksul a tsakiyar hanya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kayan da suka fi ƙarfin katkat a ba babbar mota, a bar wa katkat haja mai daraja marar nauyi.

Shokozoba ma a sa sababbi masu kyau, domin gargadar hanya ta kan dafa man da ke cikinsu har su daina aiki, motar ta riƙa tsalle. Ɗaga mota fiye da santimita biyar ba shi da wata riba, illa ya ƙara mata saurin kifewa a gefen tudu ya kuma wahalar da sitiyari. Haka nan manyan tayoyin da suka wuce na asali suna cin kuloci, suna kuma sa agogon kilomita ya yi ƙarya, alhali da shi direba ke ƙiyasta saura nawa a kai rijiya. Wajen lodi, masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da kan direba. Kariyar sama ta tabarma ce da tanti da bargo. Tano a saman mota gayyatar haɗari ne.

Mai da iska da sanyaya inji

Daga Agadas zuwa Dirku kimanin kilomita 650 ne, kuma a rairayi mai laushi mota da kaya tana iya shan kusan ninkin abin da take sha a kwalta. In muka ɗauki lita 20 a kowane kilomita ɗari, ana buƙatar lita 130, a ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda ɓata da kafewa, ya zama wajen 175. Wasu Land Cruiser na zuwa da tanki biyu masu lita 90 kowanne, Hilux kuwa tankinta wajen lita 80 ne. Ƙarin tanki a ƙarƙashin mota ya fi tano, muddin gwani ne ya yi shi, ya sa masa shinge a ciki don kada mai ya riƙa tambal-tambal, ya kuma ɗaure shi a kan roba yadda girgiza ba za ta tsaga waldar ba.

Tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011, sannan Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kasuwar man kan iyaka ta sauya fuska, amma har yanzu da yawan direbobi a wajen ƴan bumburutu suke cika tanki. Don haka a sa matatar mai ta biyu, irin mai kofin gilas da ke ware ruwa, a kuma riƙa tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. A riƙe matatun mai na canji aƙalla biyu.

Bututun nan da ake gani ya hau gefen gilas har saman mota, Turawa domin ratsa ruwa suka fi sa shi, mu kuwa amfaninsa a nan shi ne jawo iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta ƙasa yawa ba. Matatar iska a riƙa ciro ta kowace yamma a kaɗe ta a hankali, in ta huje a jefar. Lagireto a wanke shi kafin tafiya, a sauya tiyon da ya yi laushi da fanbel. Ruwan rijiyoyin Kawar da makamantansu yana da gishiri da kanwa, yana toshe lagireto, saboda haka a ɗauki na inji daga gida. Wani abin lura kuma, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Mai dawowa daga Dirku tana bayansa, sai iska ta kasa shiga lagireto, allurar zafi ta hau. In haka ta faru a tsaya, a juya hancin motar ya fuskanci iska, a bar inji yana aiki a hankali, kuma kada a buɗe murfin lagireto da zafi.

In mota ta kafe

Kowane direba yana kafewa, gwani shi ne wanda ya ɗaga ƙafa daga totur da zarar ya ji tayoyi na juyawa a waje ɗaya. Mai ci gaba da taka wuta kabari yake haƙa wa motar. Kafin shiga rairayi a tabbatar an murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, ga motocin da ke da su, domin in ba a murɗa ba ko an sa giyar ƙafa huɗu ta baya kaɗai ke ja. In an dawo kwalta kuma a cire, don barin ta yana lalata giya.

Kayan fita su ne shebur biyu, da jak mai ƙarfi da katakon da za a ɗora shi a kai, da farantan ƙarfe biyu ko huɗu masu huji-huji da direbobi ke kira tol. Asalinsu irin faranti ne da sojoji suka riƙa shimfiɗawa domin saukar jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ana share rairayin gaban tayoyi huɗu da na ƙarƙashin ciki, a ƙara rage iska, a cusa faranti, a fita a hankali da ƙaramar giya. Injin jan igiya da ake ɗaurawa a gaban mota yana da tsada da nauyi, kuma a Tenere babu abin da za a ɗaura masa. Bishiya ɗaya tilo da aka sani a wannan hanya ma wata babbar mota ta buge ta a 1973, gawarta tana gidan tarihi na Yamai, ta ƙarfe aka kafa a gurbinta. Igiyar ja mai kyau da mota ta biyu sun fi shi amfani. A ɗaura igiyar a ƙugiyar da ke jikin shasi, mutane su ja baya nesa, domin ƙarfen da ya fizge yana tafiya kamar harsashi. Sammako ma dabara ce, saboda rairayi ya fi ƙarfi da sanyin safiya.

Wuta da sadarwa da kayan gyara

Batir biyu ya kamata a sa, da makunnin da ke raba su, ɗaya na tayar da inji kaɗai, ɗaya na fitila da cajin waya. A ɗaure su tamau, don girgiza na kashe batir. Ƙaramin farantin hasken rana yana taimakawa in zama ya yi tsawo. Wayar salula ba ta aiki da an yi nisa da gari, sai wayar tauraron ɗan Adam irin Thuraya, wadda ta fara aiki a 2001. A tambayi hukuma sharuɗɗan riƙe ta kafin a saya, a kuma tabbatar akwai kuɗi a cikinta. Na'urar GPS tana nuna inda kake da inda rijiya take, amma ba ta san rijiyar ta kafe ko akwai ƴan fashi a kanta ba. Wannan sai ɗan jagora daga Buzaye ko Tubawa, kamar yadda ayarin gishirin Bilma da Fashi bai taɓa tashi ba madugu ba.

A akwatin gyara a sa fanbel, da tiyon lagireto, da boris na ƙafa, da babban ganyen sifirin, da kusoshin taya, da fis, da man inji da na birki da na giya, da giris, da waya, da gam mai kama ƙarfe. A guji na jabu ko da rabin kuɗi ne. Farantin kare cikin inji daga dutse yana da amfani a hanyoyin Abzin, amma katon ƙarfen gaba da jerin fitilu na ado nauyi ne kawai. A tuna da darasin Cadi, marar nauyi ita ke wucewa. Kowane babban sauyi, kamar canza inji ko launi, a kai shi a gyara a takardun mota, don kada a yi ta jayayya da jandarma da duwan a kowane shinge.

Kwana a daji

A tsaya tun da sauran rana, kafin magariba, a ɗan kauce wa tsakiyar hanya yadda motar dare ba za ta bi ta kan masu barci ba. Kaucewar kada ta yi nisa a yankunan da aka yi rikici, domin nakiyoyin da aka binne a Abzin lokacin tawayen 2007, da na wajen iyakar Libiya da Cadi, ba duka aka tono ba. Bin sawun da aka saba shi ne lafiya. Kada a kwana a cikin kori ko da rairayinsa ya yi daɗin shimfiɗa, saboda ruwan da ya sauka a kan duwatsu nesa yana iya isowa cikin dare ba a ga ko hadari ba. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar korin Telwa ta watan Satumba na 2009 ba.

A ajiye motar ta tare iska, a ɗaura tamfol daga jikinta zuwa ƙasa, an sami inuwa da ɗaki. Daren hunturu a hamada sanyinsa kan kai kusa da daskarar da ruwa, don haka bargo mai kauri da rawani wajibi ne. Duk tsananin sanyi kada a shigar da gawayin shayi cikin rufaffen tanti ko mota, hayaƙinsa marar wari yana kashe mai barci. Wutar girki ta yi nisa da tanon mai, kuma ta kasance ta wajen da iska ke tafiya. A kakkaɓe takalmi da shimfiɗa da safe saboda kunama da maciji. Abinci a zaɓi marar lalacewa, kamar dabino da cuku da kilishi da garin rogo da ƙuli-ƙuli da taliya, da garin alkama na gurasar da Buzaye ke gasawa a cikin rairayi da toka.

Ruwa kuwa a raba shi a jarkoki da yawa masu lita 20, domin in tano ɗaya ne ya huje an rasa duka. Lita goma ga kowane mutum a rana lokacin zafi, da ƙarin na kwana biyu ko uku da ba a taɓawa. Jarkar da aka naɗe da buhu aka jiƙa tana sanyaya ruwa kamar salka. A sa gishiri da sukari da maganin gudawa da na zazzaɓi da bandeji a ƙaramin akwati. Kafin a tashi a binne wuta, a kwashe leda da gwangwani, a rufe bakin rijiya yadda aka same shi, don na baya ma yana da haƙƙi.

In ta lalace gaba ɗaya

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a shiga hamada da mota ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A bi ayari, a nemi labarin hanya da na rakiya a wajen jami'an tsaro da ƙungiyar direbobi, a kuma bar wa wani amintacce a gari sanarwar hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran isa, yadda in an ji shiru za a bi sawu da wuri. In mota ta mutu, a zauna a wajenta. Ita ake hangowa daga nesa, ita ke ba da inuwa, mai tafiya a ƙasa da rana kuwa ƙarfinsa da ruwan jikinsa yake ƙonawa. Waɗanda suka rasu a 2013 an same su ne a warwatse cikin daji sun bazama neman ruwa. A kwanta a inuwa da rana, a yi gyara da sanyin dare, a ƙona tsohuwar taya domin hayaƙi in an ji ƙarar mota, a yi amfani da madubi wajen haska alama.

A ƙarshe muna kira ga alhazai masu motoci da su riƙa sauraron direba in ya ce kaya sun yi yawa ko taya ta tsufa, su kuma ware kuɗin gyara daga ribar kowace tafiya tun kafin a raba. Direbobi su ma su ji tsoron Allah a kan rayukan da suka ɗauka, kada su rage jarkar ruwa don su ƙara fasinja. Muna kuma roƙon hukumomi da su kula da rijiyoyi da alamomin hanya tsakanin Agadas da Kawar, domin kowace rijiya mai rai a wannan hanya ta fi asibiti kusa ga matafiyi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi ga iyalinsa da ribar halal, amin.